Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken Baka: Gini, Duwatsu, Tafin Ƙafa da Jerin Haƙora

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban zanen gini, na likitanci, na ilimin duwatsu da na haƙori a nan Kaduna da Zariya, har da iyaye da magina da ba ruwansu da jami'a amma maganar ta shafe su. Baka a nan shi ne duk wani lanƙwasasshen abu da ya tsaya a kan ƙafafu biyu, tsakiyarsa ta tashi, ƙarƙashinsa kuma fili.

Me ya haɗa magini, likita, masanin duwatsu da likitan haƙori a kan abu ɗaya?

Nauyi ne ya haɗa su. Dutse da bulo da busasshiyar ƙasa halinsu ɗaya, a danne su su jure, a ja su su tsage. In aka gicciya dogon dutse a kan ginshiƙai biyu aka ɗora masa kaya, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma yana miƙewa, daga nan tsaga take farawa. Lanƙwasa ita ce dabarar kauce wa haka. Nauyin da ya sauka a ƙoli sai ya rabu biyu, kowane dutse yana danna na kusa da shi har a kai ƙasa, babu inda aka ja wani abu. Amma fa da sharaɗi: baka kullum neman ware ƙafafunsa yake yi. Saboda haka duk mai nazarinsa, ko a wane fanni yake, tambayarsa ta farko ita ce me ke riƙe da ƙafafun. A gini katanga mai kauri ce. A tsauni jikin dutsen ne. A tafin ƙafar mutum jijiya ce.

Jerin haƙora kuwa ya fita daban, domin a kwance yake, kuma abin da ke tsare siffarsa harshe ne daga ciki da leɓɓa da kumatu daga waje. Ɗalibi ya kiyaye wannan. Kamannin siffa kan ruɗi mutum ya ɗauko lissafin gada ya kai bakin mutum, alhali ba hanyarsu ɗaya ba.

Wa ya fara gano yadda baka ke tsayuwa?

Magina sun riga malamai da dubban shekaru. Romawa sun gina Pont du Gard a kudancin Faransa tun ƙarni na 1, gadar ruwa mai hawa uku da tsayinta ya kusa mita 49. A Iraƙi har yanzu Taq Kasra na tsaye, bakan bulo mai tsayin kimanin mita 37. A ƙasar Sin an gama gadar Zhaozhou wajen shekarar 605, faɗin bakanta mita 37, kuma tana nan. Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879, ya yi amfani da baka mai tsini ƙarnoni kafin manyan coci-cocin Turai su ɗauke shi. Duk waɗannan da gwaninta da gado aka yi su.

Bayanin ilimi ya zo a 1675, lokacin da Robert Hooke na Ingila ya lura da sarƙa. Riƙe sarƙa ta bakinta biyu ka bar ta ta rataya, siffar da ta ɗauka ja ce zalla. Kifa wannan siffar, ka sami bakan da danniya ce zalla a cikinsa. A 1748 Giovanni Poleni ya ɗauki wannan dabara ya gwada tulluwar cocin Saint Peter da ke Roma, wadda ta tsattsage har hankalin mutane ya tashi. Ya rataya sarƙa da nauye-nauye daidai da nauyin sassan ginin, ya ga siffarta ta zauna cikin kaurin tulluwar, ya ce ba za ta faɗi ba, ko da yake ya ba da shawarar a ƙara mata ɗamarar ƙarfe. Jacques Heyman na Jami'ar Kambirij ya tsara wannan tunani a 1966, kuma abin da ya tabbatar shi ne tsohon ginin dutse ba kasafai rashin ƙarfin dutsen ke kayar da shi ba. Siffa ce ke ɓaci, galibi don ƙafafu sun motsa.

Bakan gizo na maginanmu, wato bakan da ke ɗauke da rufin soro, iri ɗaya ne da na Romawa?

A ido kusan ɗaya, a ciki daban. Baturen Roma yakan kafa katako mai siffar baka, ya jera sassaƙaƙƙun duwatsu a kai daga gefe biyu, ya sa na ƙarshe a ƙoli, sannan ya zare katakon. Maginin Hausa ba ya kafa komai a ƙasa. Azara yake dasawa a jikin katanga, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta sha iska. In ta bushe a ɗora wani sahun azarar a kan na farko, ya ɗan ƙara leƙowa cikin ɗaki, ya ɗan ƙara kwantawa. Haka ake yi daga wannan katanga da waccan har ƙafafun biyu su kusanci juna, sai a gama su da azara a ƙoli. Kafin a gama su, kowace ƙafa tana riƙe da kanta ne da ƙarfin azarar da nauyin katangar da ya danne gindinta.

Ke nan azara na ɗaukar ja, ƙasa na ɗaukar danniya, kusan rabon aikin da ke tsakanin rodi da kankare a ginin zamani. Ita azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son ta namiji, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Matsalarta ita ce in aka gicciya ta kai tsaye ƙarƙashin rufin ƙasa mai nauyi, tazarar da za ta iya ɗauka ba ta wuce kimanin mita 2. Duk hikimar bakan gizo da ɗaurin guga, wato rufin da bakunansa ke gittawa juna, ta taso ne daga wannan ƙarancin. Ana raba rufin babban soro gida-gida da bakuna masu gittawa juna, har kowane gida ya zama daidai tsawon azara. Da haka gwanaye suka rufe ɗakuna masu faɗin kusan mita 8 ba ginshiƙi a tsakiya. A sama kuma a yi tulluwa don ruwa ya gangara zuwa indararo, a shafe da laso ko katsi, wato shafen da ke hana ruwa ratsawa.

Abin da ya kamata masu bincikenmu su dage a kai shi ne lissafin Heyman an yi shi ne don ginin da ba ya ɗaukar ja ko kaɗan. Bakan gizo yana ɗauka. Wanda ya ɗauko wancan lissafi ya ɗora masa ba gyara, amsar da zai samu ta wani ginin ce.

Ina za a je a ga mafi kyawunsa, kuma su wa suka yi nazari a kai?

Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. An kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti a shekarun 1970, don haka daga waje ba za ka ga komai ba, sai ka shiga. Akwai kuma aikinsa a Kafin Madaki ta jihar Bauchi.

Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, aikinsa ya fito cikin juzu'i uku a 1990 bayan rasuwarsa. Shi ne kuma ya assasa gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin na Zariya. J. C. Moughtin ya fitar da littafinsa kan ginin Hausa a 1985. Hamman Tukur Saad ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a 1981, inda ya zauna da magina ya ji yadda su da kansu suke bambanta gini mai kyau da mummuna. Wannan ɓangaren ya fi burge ni, don an saba auna katanga a manta da wanda ya ɗora ta.

Me ya sa ba a cika ganin bakan gizo a cikin garin Kaduna ba?

Kaduna garin Turawan mulki ne, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Ta tashi ne da jirgin ƙasa, da kwano da siminti, ba ta da tsohon birni mai ganuwa da unguwar magina irin ta Zariya. Tulluwar Lugard Hall, ginin majalisar dokokin jiha, da bakunan da ake gani a manyan masallatai na zamani ne. Damina kuma tana da ƙarfi a nan, ruwan shekara ya haura milimita 1,000, rufin ƙasa kuwa sai da yaɓe a kai a kai.

Yawancin bakunan da ke gaban gidaje a Malali ko Barnawa ado ne. Kankare da rodi ke ɗauke da nauyin, lanƙwasar kwalliya ce kawai. Ba laifi, muddin birkila bai ɗauka siffar kaɗai ta isa ba ya rage rodi.

Malam, soron gidanmu na gado ya tsage a ƙolin baka. Faɗuwa zai yi?

Ba lallai ba, Alhaji, amma kada a share. Tsaga a ƙoli yawanci alama ce katangun sun ɗan ware. A duba ko wata katanga ta karkata waje, ko ruwa na kwanciya a gindinta, ko indararo ya toshe ruwa na ratsa rufi yana ruɓar da azara. A shafa ɗan siminti ko farar ƙasa a gicciye kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In shafin ya tsage, ginin na ci gaba da motsi, a fitar da mutane a kira gwanin magini da injiniya. Kada kuma a fasa sabuwar ƙofa ko taga a katangar da ƙafar baka ta dira a kai.

Akwai masu neman farfaɗo da irin wannan gini a yau?

Akwai. A Burkina Faso wata ƙungiya da aka kafa a 2000 tana koya wa magina rufin bulon ƙasa irin na Nubiya, wanda ba ya bukatar katako ko kwano. A Afirka ta Kudu cibiyar Mapungubwe, wadda aka rufe da siraran tayil na ƙasa da mutanen yankin suka buga, ta ci kyautar ginin shekara ta duniya a 2009. A Zurich kuma Philippe Block da abokan aikinsa suna amfani da kwamfuta wajen nemo siffar da za ta tsaya da danniya kaɗai. A 2016 suka haɗa duwatsu 399 ba siminti a tsakaninsu suka tsayar da rufi a birnin Banis na Italiya. Tunanin sarƙar Hooke ne dai har yanzu.

Ta yaya dutse ke zama baka ba wanda ya sassaƙa shi?

Ana bukatar dutse mai tsagogi a tsaye, da wani sashe a ƙasa da ya fi saurin zaizayewa. Inda aka fi nazarin abin shi ne gandun Arches da ke jihar Utah a Amurka, mai bakuna sama da 2,000. A can akwai gishiri mai kauri a ƙarƙashin ƙasa. Motsinsa ya tsattsaga dutsen yashin da ke sama, ruwa ya bi tsagogin ya faɗaɗa su har aka sami siraran katangun dutse a jere. Ruwan sama na narkar da abin da ya manne ƙwayoyin yashin, ƙanƙara na buɗa tsaga a lokacin sanyi, a hankali rami ya huda katangar.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne me ya sa ramin ke ɗaukar siffar baka, kuma me ya sa zaizaya ke raguwa in an kai nan. Jiří Bruthans na Jami'ar Charles da ke Prague da abokan aikinsa sun ba da amsa a 2014. Sun ɗauki curin yashi suka danne shi da nauyi suka nutsar a ruwa. Gefe-gefe suka yi ta zubewa, abin da ya rage yana ƙara ɗaukar nauyi, har aka kai inda ƙwayoyin suka cije juna zubewar ta tsaya. Wato duk inda nauyi ke bi yana ƙara tauri, inda ba ya bi ruwa da iska su kwashe. Abin da ya saura shi ne hanyar nauyin kanta.

Muna da irinsu a jihar Kaduna?

Duwatsunmu na wani iri ne. Kufena a Zariya, da na Kajuru da na Kagoro, dutse ne mai tauri da ya daskare a can cikin ƙasa, ba dutsen yashi ba. Shi ɓarewa yake yi falle-falle daga sama, ko ya rabu manyan ƙwallaye. Shi ya sa abin da aka fi gani a nan shi ne dutse mai santsin kai, ko wani ya hau kan wasu biyu ya bar kogo a ƙasa. Wannan a wurin masana ba baka ba ne, don ba jiki ɗaya ba ne.

Mai son ganin na gaske a kusa sai ya nufi Sahara. A tsaunukan Ennedi na arewa maso gabashin Cadi akwai bakan Aloba, tsayinsa kimanin mita 120, yana cikin mafiya tsayi a duniya. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Tassili n'Ajjer ta Aljeriya ma tana da ɗaruruwa.

Suna rushewa?

Ƙwarai kuwa. Wall Arch na Utah ya faɗi cikin dare a watan Agustan 2008. Azure Window na Malta ya tafi cikin teku ranar 8 ga Maris 2017 bayan guguwa, na Darwin a tsibiran Galapagos kuma a watan Mayun 2021. Landscape Arch, mai faɗin mita 88, ya zubar da wani ƙaton ɓangare a 1991, daga baya aka rufe hanyar da ke bi ta ƙarƙashinsa. Yanzu Jeff Moore da ɗalibansa a Jami'ar Utah suna ɗora na'urar auna girgizar ƙasa a kan bakuna suna sauraron kaɗawarsu. Kowane baka yana da saurin kaɗawa nasa, in ya canza ba tare da canjin zafi ko sanyi ba, to wata tsaga ta ƙaru a ciki.

Mene ne amfanin lanƙwasar tafin ƙafa?

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26, an jera su cikin bakuna uku: babba ta gefen ciki daga diddige zuwa babban yatsa, ƙarami ta gefen waje, da na uku da ya gitta faɗin ƙafar. Wata faffaɗar jijiya ta taso daga diddige zuwa gindin yatsu, ita ce ke hana bakan warewa in an taka. J. H. Hicks ya nuna a 1954 cewa in babban yatsa ya lanƙwashe sama, kamar lokacin da diddige ke barin ƙasa, jijiyar tana ɗamewa, bakan ya tashi, ƙafar ta yi tauri don tura jiki gaba. Kana iya gwadawa a zaune: ja babban yatsanka sama, ka taɓa tafin.

A 1987 Ker da abokan aikinsa suka auna cewa a lokacin gudu bakan yana ajiye kimanin kashi 17 cikin 100 na ƙarfin kowane taku ya mayar da shi, agara kuma kimanin kashi 35. Bakan da ya gitta kuwa an daɗe ana raina shi, sai a 2020 Madhusudhan Venkadesan na Jami'ar Yale ya nuna shi ke ba da fiye da kashi 40 na taurin ƙafa. Riƙe takardar naira ta gefe ɗaya, za ta langaɓe. Ɗan lanƙwasa ta a faɗinta da yatsa, sai ta miƙe har ta ɗauki kwabo. Abin da wannan bakan ke yi wa ƙafa ke nan.

Ɗana shekararsa uku, tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake. In saya masa takalmin gyara?

Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. Kusan duk jarirai haka ake haihuwarsu, bakan yana fitowa ne a hankali har zuwa wajen shekara shida zuwa goma. Wani bincike da aka yi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2006 ya sami shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a kashi 54 cikin 100 na 'yan shekara uku, amma a 'yan shekara shida kashi 24 ne kawai. Takalmin gyara kuma an gwada shi. A 1989 Dennis Wenger ya raba yara rukuni-rukuni, wasu da takalmin, wasu da abin sawa a ciki, wasu ba komai, bayan shekara uku bai ga bambanci ba. A Indiya ma, Rao da Joseph sun duba yara 2,300 a 1992, suka tarar matsalar ta kai kashi 8.6 a masu sa takalmi, kashi 2.8 a masu yawo ba takalmi. Don haka a bar yaro ya yi wasa a yashi mai tsabta.

Ki sa shi ya yi ɗage a kan yatsunsa. In bakan ya bayyana, lafiya lau. In bai bayyana ba, ko yana kukan ciwo, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko tana da tauri ba ta juyawa, a kai shi wurin likitan ƙashi, ko a asibitin Barau Dikko na Kaduna ko a na Shika da ke Zariya. Babban mutum kuma da ƙafarsa ta fara shimfiɗewa daga baya, musamman mai ciwon suga da ya ga ta kumbura ta yi zafi, wannan ba abin jira ba ne.

Gaskiya ne mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ba zai iya aikin soja ba?

A garin da ke da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da barikin Jaji a kusa, dole a yi wannan tambaya. Hukumomin ɗaukar aikin ɗamara sukan duba ƙafa, kuma sharaɗin da suka sa a sanarwarsu shi za a bi. Amma bincike bai goyi bayan tsohon zaton ba. A 1993 Cowan da abokan aikinsa suka bi kurata 246 na sojan Amurka tsawon horonsu, sai ga shi masu dogon baka ne suka fi jin rauni, masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa suka fi kowa tsira.

Akwai wasu bakunan a jikin mutum?

Da yawa. Babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya tana yin baka kafin ta gangara. Ƙashin kunci baka ne, kuma yana cikin waɗanda ke yawan karyewa a haɗarin babur. Kowane ƙashin gadon baya yana da bakan da ya kewaye lakka. A zanen yatsa ma akwai mai siffar baka, shi ne mafi ƙaranci, kimanin kashi 5 cikin 100. Mafi ban mamaki su ne waɗanda ke fitowa a wuyan ɗan tayi a mako na huɗu. Na farkonsu shi ke zama muƙamuƙi da biyu daga ƙananan ƙasusuwan kunne, na biyu ya ba da na ukun. Daga nan jerin haƙora ya samo tushe.

Akwai siffa ɗaya da jerin haƙoran kowa ya kamata ya bi?

An shafe fiye da shekara ɗari ana nemanta. Bonwill a ƙarni na 19 ya ce muƙamuƙi na bin alwatika mai gefe uku daidai, kowane gefe kimanin santimita 10, Hawley ya gina zanensa a kan haka a 1905. A 1949 MacConaill da Scher suka ce ai siffar sarƙar da ta rataya ce. Brader ya kawo tasa a 1972, Braun ya kawo wani lissafin a 1998. Kowanne ya dace da wasu bakuna ya saɓa wa wasu. Inda aka tsaya yanzu shi ne a duba siffar da mutum ya zo da ita, mai tsini ce, mai kama da ƙwai ce ko mai faɗin gaba, a zaɓi wayar da ta fi kusa da ita.

Nan ne maganar ta shafe mu. Yawancin ma'aunan da aka gina wannan fanni a kansu daga bakin Turawa aka ɗauko su. Burris da Harris sun nuna a 2000 cewa jerin haƙoran sama na baƙaƙen fatar Amurka ya fi na fararen girma da faɗin gaba. A Kaduna ma an taɓa duba 'yan makaranta sama da dubu a wani bincike da aka buga a 1999, aka tarar a mafi yawansu turamen sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai, wato aji na farko a rabon da Edward Angle ya yi a 1899, matsalar tana haƙoran gaba ne, ko cunkoso ko tazara.

Yaya waya ke matsar da haƙori, kuma me ya sa yake komawa?

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi ba, wata siririyar jijiya ce ta rataye shi. In aka tura shi a hankali ba ƙaƙƙautawa, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, sabo yana tsirowa a bayansa, yana tafiya kimanin milimita 1 a wata. Daɗewar turi ta fi ƙarfinsa tasiri. Shi ya sa tauna, duk da ƙarfinta, ba ta kawar da haƙori, amma tsotson yatsa na sa'o'i kullum yana turo na gaba waje. Wayar da ake fara sawa ta nikel da titaniyam ce, wadda George Andreasen ya shigo da ita wannan aiki a farkon shekarun 1970. Ko an lanƙwasa ta tana neman komawa siffarta, tana jan haƙoran tare da ita.

Komawa kuwa, Robert Little na Jami'ar Washington ya bi mutanen da aka yi wa gyara shekaru da yawa bayan sun daina sa abin riƙewa. Bayan shekara 10 kusan kashi 30 cikin 100 ne haƙoransu na gaba na ƙasa ke nan a jere, bayan shekara 20 kashi 10 kacal. Tazarar da ke tsakanin fiƙoƙin ƙasa tana tsukewa da shekaru, in kuma an faɗaɗa ta da waya tana komawa. Don haka in likita ya ce a ci gaba da sa abin riƙewa da dare har illa masha Allahu, ba neman kuɗi yake yi ba.

Wushirya cuta ce? Wayar ado fa?

Littattafan Turawa sukan lissafa wushirya cikin abin gyara, mu kuwa ado ce. In dasashi lafiya yake ba dalilin taɓa ta. Wadda ta buɗe da girma tana ƙaruwa ita ce abin dubawa, don ciwon dasashi na kawo haka.

Wayar ado da ake mannawa a shago kuwa haɗari ce. Waya ba ta san ado aka sa ta ba, turi za ta yi, ba kuma wanda ya ɗauki hoton saiwar haƙoran balle ya san inda za su nufa.

Abinci na da hannu a cunkoson haƙora?

Akwai hujja. Noreen von Cramon-Taubadel ta kwatanta ƙasusuwan kai na al'ummomi 11 a 2011, ta ga muƙamuƙin manoma masu cin abinci mai laushi ya fi na mafarauta gajarta. Ƙashi yana girma ne gwargwadon aikin da aka ba shi, girman haƙori kuwa gado ne. Yaron da ya tashi da rake da aya da goruba ba aiki ɗaya muƙamuƙinsa ya yi da wanda ya tashi da burodi da taliyar leda ba. Sai dai kada a ce goruba za ta miƙe haƙoran da suka riga suka cunkushe.

Ni ɗalibi ne, wane bincike zan iya yi daga nan Kaduna?

Mai karatun gini ko injiniya ya nufi Zariya ya auna sorayen da suka rage: faɗi, tsayi, kaurin ƙafa, sahun azara nawa. Ya nemi tsohuwar azara daga ginin da aka rushe ya gwada ƙarfinta a ɗakin gwaji. Ɗalibin likitanci zai iya kwatanta sawun yaran ruga da na yaran makarantun cikin gari, na haƙori kuma ya auna faɗin jerin haƙoran matasa ya gwada da wayoyin da ake shigowa da su. Waɗannan biyun sai da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti da yardar iyaye. Tsofaffin takardu da hotuna suna Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna.

Kayan aiki ba su kai tsadar da ake zato ba. Hotuna masu yawa da aka ɗauka da wayar hannu daga kowace kusurwa, kowanne ya ɗan hau kan na baya, manhajar kwamfuta na iya haɗa su ta fitar da siffar soro gaba ɗaya, muddin an ajiye ma'auni a cikin hoton. A fara gaida mai gida da Sarkin Magina kafin a fito da tef, a tafi da rani lokacin da magina ke gyara, don a lokacin ne ake ɓare yaɓe a ga yadda aka ɗaure azarar a ciki.